Kunun da Na Zuba wa Akuya

Haihuwata ta uku ita ce wadda Inna ta zo garin Isa ta yi mini zaman jego. A ta farko gida na tafi, Gangara, kamar yadda aka saba. A ta biyu ma na je bayan suna na yi wata guda. Amma kafin ta ukun hanya ta lalace. Mota ba ta tashi sai an taru da yawa an bi bayan jami'an tsaro, wani lokaci a yi kwana uku ba a tashi ba. Maigidana ya ce ba za ni bi wannan hanya da tsohon ciki ba. Sai Inna ta aiko cewa ita za ta zo.

Ta iso da la'asar, da ƙullin tufafinta da rabin buhun gero. Daga baya ne ƙanena ya faɗa mini cewa geron nan daga gindin rumbu aka kwaso shi, domin a shekarar ƙaramar gonar bayan gari kaɗai suka noma. Babbar gonar tana cikin daji, ba mai iya zuwa. Shanun da Baba ya rasu ya bari kuwa tun bara aka kore su. Inna ba ta ce mini komai a kan wannan ba. Ta wanke ƙafa, ta yi salla, ta tambayi inda nake ajiye turmi.

Ni ce 'yar farinta. Inna Bafulatana ce da ta auri manomi, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma ta ce "waccan". A ɗakin kakata na tashi har na shiga makarantar kwana. Ban taɓa jin haushin haka ba, haka na ga ana yi. Abin da na sani shi ne in na zo hutu, kwanon da ya fi kowanne man shanu shi ne nawa, kuma sa'ad da take miƙo mini shi wani wuri take dubawa.

Cikin nan ya ba ni wuya. Ƙafafuna suka kumbura, jinina ya hau, sai a asibiti na haihu. Aka sami 'ya mace, ƙarama amma lafiyayya. Kafin a sallame ni likita ya tsaya a bakin gado ya ce ban da kanwa, in rage gishiri, kuma in na warware in yi ƙoƙari in rage jiki, domin ina ɗora wa zuciyata kayan da ya fi ƙarfinta. Maganar ta shige ni. Ƙanwar Baba hawan jini ne ya kayar da ita, ta shekara huɗu a kwance rabin jikinta a mace. Na sha ganin yadda ake juya ta ana canza mata shimfiɗa, tana kallon rufin ɗaki don kunya.

Ranar da muka dawo gida na tarar Inna ta riga ta surfa gero, tana kwance kanwa daga cikin tsumma.

Na ce, "Inna, likita ya hana ni kanwa."

Ta ce, "Da ita munka yi jegonku, ku bakwai."

Na ce, "Jinina ne ya hau. Ya ce za ta iya taɓa mini zuciya."

Ta mayar da kanwar ta ƙulle tsumman. Ba ta sake tayar da zancen ba. Washegari kunun tsamiya ta dama, da citta da kanumfari. Bayan nan kunun gyaɗa. Da rana fura, in an sami nono a wurin matan da ke shigowa da shi daga wajen Turba. Ta cire gishiri daga miyata, tana yi mini tawa daban a ƙaramar tukunya. Na ci na sha har muka yi arba'in. Jikina ya cika, masu zuwa barka suna cewa jego ya karɓe ni. In suka faɗi haka Inna takan sunkuyar da kai tana murmushi, kamar ita aka yaba.

Ni kuwa maganar likita ce a raina. Lissafi nake koyarwa a makarantar firamare, kuma a cikin malamanmu akwai wata budurwa mai koyar da Turanci, wadda ta yi karatu a Sakkwato. Da ta zo duba ni na gaya mata damuwata. Ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja. Ta ce kowane abinci yana da awon ƙarfin da yake ba jiki, kalori ake kiransa. In ka ci ƙasa da abin da jikinka yake ƙonawa, sai jikin ya koma cin kitsen da ya tara. Muka sa tsawona da nauyina da shekaruna da nauyin da nake so in koma. Akwai wani shafi mai ƙarin tambayoyi da ƙananan rubutu, ta ce wannan ba dole ba ne, muka tsallake. Ba ta taɓa haihuwa ba, ni kuma ina ɗokin in ga sakamako. Wayar ta fito da lamba guda, ta ce iyakar abin da za ni ci ke nan a yini. Malamar ta kuma ara mini sikelinta, irin wanda ake hawa a tsaya.

Na ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata. Ni mai son lamba ce, ga shi an mayar mini da tsoron da ke damuna lissafi. Manhajar ba ta san tuwon dawa ba, ba ta san hoce ba, ba ta san fura ba. Sai in nemi abin da ya yi kama da su in sa. Na riƙa auna kunu da ludayi, ina gutsura tuwo gida huɗu in ci ɗaya. Da na lissafa kwanon kunun gyaɗan da Inna take kawo mini da safe, na ga shi kaɗai ya cinye kusan sulusin yinina. In na kwana ƙasa da lambar, wayar takan nuna mini kore. Na fara neman koren nan kullum, har na riƙa rage abin da ita kanta ta yarda in ci.

Sikeli ya fara sauka. Zanen da nake ɗaurawa da ƙyar ya koma yana zagaye ni da saura. Na je aka gwada jinina aka ce ya yi kyau. Maigidana ya ce fuskata ta faɗa, na ce masa haka ake so.

Inna ba ta koma gida bayan arba'in ba, domin hanya ta sake rufewa. Kowace safiya takan ajiye kwanon kunu da murfinsa a bakin ƙofar ɗakina ta wuce. Ban iya ce mata ta daina ba. Da farko manyan yarana biyu nake ba, amma sai suka riƙa ƙoshi suna barin nasu karin kumallon, na ga za ta gane. Muna da akuya guda a bayan ɗaki, ɗaure a gindin zogale. Sai na koma in kurɓi ludayi biyu, in faki ido in juye mata sauran a kasko, in kawo kwanon in ajiye a wurin wanke-wanke. Na yi kusan mako uku ina haka.

Ana cikin haka hutun haihuwata ya ƙare, na koma makaranta. Ina barin jaririyar a wurin Inna, in an tashi tara in rugo gida in ba ta nono in koma. Sai ta riƙa daɗewa a kan nonon, ta ja, ta ja, ta saki, ta fasa kuka. In juya ta ɗaya ɓangaren, haka. Na ce zafi ne, lokacin bazara ne. Ni ma wata rana ina rubutu a allo na ga lambobin suna rawa, sai da na dafa tebur. Na sha ruwa na ci gaba.

Wata rana da azahar yarinyar tana kuka a hannuna, Inna tana tankaɗe ba ta ɗago ba ta ce, "Nonon ba ya isarta."

Na ce, "Yana isarta. Rigima ce kawai."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar wata Asabar da hantsi na tsuguna a bayan ɗaki ina juye kunun, akuyar har ta saba, tana jan igiya tun kafin in iso. Na ji motsi. Na waiwaya, ga Inna tsaye da jaririyar a bayanta, da bokitin wanki a hannu, ta zo shanya. Ta dubi kaskon, ta dubi kwanon.

Ta ce, "Ya yi tsami ne?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Kanwa ban sa ba. Gishiri ban sa ba."

Na miƙe tsaye. Na shiga yi mata bayani da sauri, cewa likita ya ce in rage jiki, cewa akwai abin da ke cikin waya mai lissafa mini iyakar abin da za ni ci, cewa kunun gyaɗa yana da nauyi ƙwarai. Ta bari na gama.

Ta ce, "Waya." Sannan ta ɗan karkata kai wajen yarinyar da ke bayanta. "Ita wayar ta san da wagga?"

Kunya ce ta kama ni, sai ta fito mini a matsayin fushi. Da muryar da nake yi wa 'yan aji magana na ce, "Inna, wannan abu ne na ilimi. Ba za ki gane ba."

A duk rayuwata ban taɓa yi mata magana haka ba, ban ma taɓa yi mata doguwar magana ba. Ta ajiye bokitin, ta miƙo hannu na ba ta kwanon. Ta je ta wanke shi ta kife, ta dawo ta yi shanyarta. Washegari ta dama kunu kaɗan, daidai na yara. Ba a ajiye komai a bakin ƙofata ba. Ta ci gaba da yi mini miyata daban, tana goyon yarinyar, tana amsa gaisuwata kamar kullum. Na yi ta cewa gobe za ni ba ta haƙuri. Amma ban san ta inda ake fara irin wannan magana da ita ba.

Bayan kwana goma aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da gari ya waye ta ce za ta tafi. Maigidana ya durƙusa ya roƙe ta ta bari hanya ta ƙara lafawa.

Ta ce, "Ƙanenta shi kaɗai na, matatai kuma ciki gare ta. Wa za ya bi shi da iri?"

Muka raka ta tasha da safe. Motoci shida ne suka jeru suna jiran a ba su hanya. Da aka ce a shiga, ta kwance goyon ta miƙo mini yarinyar. Ta riƙe ɗan ƙafarta, ta sunkuya ta ce mata, "Ki riƙa cin abinci, kin jiya?" Ba ta dube ni ba. Ta shiga ta zauna a tsakiyar mata, na ga bayan kallabinta har motar ta fita.

Bayan mako biyu ranar awon jarirai ta zo. A rumfar asibitin yara mun fi yadda aka saba yawa, domin mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu sun shigo gari, suna zaune a kangaye da gidajen 'yan'uwa. Wadda ke kusa da ni a benci daga wajen Tsamaye take. Ɗanta ya girmi tawa da wata biyu, amma hannunsa bai fi babban yatsana kauri sosai ba. Ta leƙa fuskar ɗiyata, ta dubi wuyana.

Ta ce, "Ke ma nonon ya ƙafe?"

Ta ci gaba da kanta, ta ce tun da suka baro gida sau ɗaya suke ci a yini, in an samu, garin kwaki da ganyen tafasa. Ta ce tana ba shi nonon ne don ya yi shiru kawai. Ta ce, "Allah shi kawo muna sauƙi, ni da ke." Na ce amin. Wayata tana cikin jaka a kan cinyata, kuma da safen nan na riga na shigar da shayin da na sha ba madara ba sukari.

Malamar awon dattijuwa ce da ta san ni, autanta a ajina yake. Ta sa yarinyar a sikelin rataye, ta duba, ta sauke ta, ta sake sa ta. Ta ɗiga alama a kati. Ta juyo da katin ta nuna mini. Layin da ya riƙa hawa tun haihuwa ya miƙe a kwance, yanzu kuma ya fara sunkuyawa.

Ta ce, "Ta yi gudawa? Zazzaɓi? Amai?"

Na ce babu ko ɗaya.

Ta cire tabarau ta dube ni da kyau. "Malama, ke me kika ci jiya? Faɗa mini tun daga safe."

Na faɗa mata. Bai ɗauki lokaci ba. Ta tambayi dalili, na ciro wayar na nuna mata, har da kwanakin da na samu kore a jere. Ta mayar da tabarau ta shiga dubawa a hankali da yatsa ɗaya. Ta kai shafin nan da muka tsallake. A cikin tambayoyin akwai wadda ke cewa ko kina da ciki ko kina shayarwa. An bar ta a kan a'a. Ta danna ta mayar da ita i. Lambar ta yi tsalle da ɗaruruwa.

Ta ce, "Kin gani? Ko ita ta san mai shayarwa ba don kanta kaɗai take ci ba. Nonon nan daga jikinki ake yin shi. Ke kuma ko lambar farko ba ki cikawa."

Na tsaya ina kallon abin da aka ƙara. Kaina ya yi lissafin ba tare da na sa shi ba. Kusan daidai yake da kwanon kunun safe.

Ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta sassauta. Ta ce likita bai yi kuskure ba, rage jiki zai amfane ni, amma a hankali ake yi, ba a watannin farko da yunwa ba. Ta ce ba abincin kaɗai ba ne, komawata aiki ma ta rage yawan shan yarinyar, kuma nono yana raguwa in ba a jan shi. Ta koya mini yadda za ni tatsa in bari in za ni makaranta. Ta ce in ci, in sha ruwa, in riƙa ba ta ko ba ta nema ba, in dawo bayan mako biyu. Da na fito, matar Tsamaye tana ciki ana auna hannun ɗanta da wani ɗan tef mai launi. Ban sake ganinta ba, kuma ban san yadda yaron ya ƙare ba.

Na isa gida na surfa gero da kaina. Kunun ya yi gudaji, bai yi kama da nata ba. Na zauna a ƙofar madafa na shanye shi ina hawaye, babbar ɗiyata tana tsaye tana kallona ta rasa abin da ya faru.

Nonon bai dawo a rana ɗaya ba. Sai da aka yi awo uku kafin layin ya soma ɗagowa. Nauyina ya ɗan ƙaru ya tsaya. Na ci gaba da shigar da abinci a wayar na 'yan makonni da sabuwar lambar, daga baya na daina buɗe ta.

A Gangara ba a samun layin waya sai ƙanena ya fita bayan gari ya hau wani tudu inda ake kama na Nijar. Na roƙe shi ya je da Inna. Ranar da ya kira, iska tana kaɗawa a cikin wayar, ina jin numfashin Inna na hawan tudu.

Na gaishe ta. Na ce, "Inna, ina shan kunu yanzu. Kullum. Yarinyar ma ta fara ƙiba."

Ta ce, "To, madalla. An yi ruwa nan wajenku?"

Na ce an yi. Ta ce su ma gero ya kai gwiwa. Na buɗe baki in faɗi sauran, sai na ji ƙanena yana cewa caji zai ƙare. Na ce a raina ba maganar waya ba ce, za ni je da kaina in an yi dogon hutu. Da hutun ya zo aka tare motoci sau biyu a mako guda, direbobi suka daina zuwa.

Masassara ta kama Inna lokacin da gero ya fara nuna. Kwana biyar ta yi. Ba a sami hanyar kawo ta asibiti ba. Ƙanena ya hau tudun ya faɗa mini bayan an dawo daga maƙabarta. Ni kuma sai a rana ta huɗu na sami mota.

Na zauna a ɗakinta da yarinyar a cinya ina karɓar gaisuwa. Tsohuwa ta farko da ta shigo ta yi mini ta'aziyya, sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Ƙaƙa jikin naki? Kin samu sauƙi?" Na ɗauka haihuwar take nufi. Ta biyu ma ta tambaya, ta uku ma. Da aka ɗan sarara na tambayi matar ƙanena abin da suke nufi.

Ta ce, "Ai da Inna ta dawo cewa ta yi ba ki da lafiya, abinci ba ya shiga miki. Gida gida ta bi tana cewa a sa ki a addu'a. Har wurin liman ta aika."

Na ce, "Ba ta ce komai ba bayan wannan?"

Ta ce, "A'a. Akwai wani abu ne?"

Na ce babu.

Kwana uku na yi a garin. Mata suka yi ta shigowa, waɗanda na sani da waɗanda na manta, kowacce sai ta tambayi jikina, wasu su ce ai ga shi na murmure, addu'a ta karɓu. Ina amsa musu da cewa da sauƙi, na gode. A rana ta huɗu da safe aka ce motoci za su tashi, na goya yarinyar muka fito.